Sayar da bosho ta salula a Yamai: daga bakin dila zuwa hannun mai saye

Ki je kasuwar Katako ko ta Wadata da hantsi ki tsaya gefen mai bosho, wato kayan gwanjo, ki kalli hannun mace idan tana zaɓen riga. Za ta ɗaga ta a rana, ta murza ƙyallen tsakanin yatsu, ta juya hammata, ta ja zif sama da ƙasa, ta kara rigar a ƙirji, wani lokaci har ta sansana. Sai ta gama duk wannan take tambayar kuɗi. Wadda za ta sayi kayanki ta WhatsApp ko Facebook ba ta da ko ɗaya daga ciki, hoto kawai take gani, sai maganarki. Aikin da hannunta da idonta da hancinta za su yi, ke za ki yi mata shi, kuma ki yi shi tsakani da Allah. Duk matakan da zan kawo daga nan suka samo asali.

Ni kayan yara da na mata nake sayarwa daga ɗakina, ba ni da shago. Shi ya sa da ke nake magana, ƴar'uwa, amma ɗan'uwa mai sayar da wandunan jin ko takalma ma zai sami abin ɗauka.

Ki fara da zaɓe, dila ta jira

Ki tsaya a kan iri ɗaya, ko biyu in ya yi yawa: kayan jarirai, dogayen riguna, zannuwan gado da labule, rigunan aikin ofis. Mai saye tana son ta san cewa idan ɗanta ya ƙara tsawo wurin wance za ta nufa. Wadda yau take tallan jaka, gobe bargo, jibi takalmi, ba a riƙe sunanta.

Hanyar samun kaya biyu ce. Ko ki sari dila, wato babban ƙunshin bosho, a rufe, ko ki je wurin masu fasa dila ki zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Dilolin da aka fi gani masu kilo 45 ne ko 55, an matse su an ɗaure da ƙarfe. Da can akasarinsu ta Kwatano suke shigowa, su haye gadar Malanville zuwa Gaya. Da iyakar Benin ta rufe a 2023 hanyar Lome ta cikin Burkina ta ƙara nauyi, ga nisa ga tsadar mota, kuma wannan tsadar a kan dila take sauka. Saboda haka dila ba abin gwaji ba ce ga mai ƙaramin jari. Ni na yi wannan gaggawar. Wani ɗan sari ya rantse mini zaɓin farko ce, na zuba kusan dukan jarina, da na yanke ƙarfen a tsakar gida sai na tarar rabinta rigunan sanyi ne masu kauri, ga mu a watan Afrilu. Wata bakwai kuɗina yana kwance a buhu.

Zaɓe ya fi tsada a kan kowace riga, amma idonki ya gani. Ki ƙulla da mai fasawa guda ɗaya, ki san ranar da yake fasa sabuwa, ki riga mutane zuwa, ki riƙa biyansa nan take. Bayan ƴan makonni shi da kansa zai kira ki kafin ya yanke ƙarfe. Idan kina zaɓe ki duba wuraren da riga take fara mutuwa: hammata, wuya, bakin hannu, tsakanin cinyoyin wando, gwiwar kayan yara, da robar ƙugu. Ki ja robar, in ta yi ƙara kamar busasshiyar ciyawa ko ta ƙi komawa, ta mutu. Maɓalli da ya ɓace tela zai sa wani, ɗinkin da ya warware zai mayar. Ƙyallen da ya koɗe ko ya yi laushin tsufa kuwa ba mai gyara shi.

Lissafin da ke raba riba da asara

Ranar da kika kai ga sarin dila, kafin komai ki shimfiɗa tabarma uku. Ta farko ta kai, wato masu kyau da babu abin cewa a jikinsu. Ta biyu ta tsaka-tsaki. Ta uku ta wutsiya: masu tabo, masu ɓula, da waɗanda ba a sa irinsu a nan.

Ga misali, ki canza alƙaluman da naki. A ce dila ta tsaya miki 150.000 F, dako da mota da sabulu da gawayin guga da leda suka ci 10.000 F, jimilla 160.000 F. Kika ƙirga guda 200: kai 50, tsakiya 90, wutsiya 60. Sabuwar shiga takan raba 160.000 gida 200, ta ga 800 F, ta ce to kowace riga 1.200 F, ai na ci riba. Cikin kwana biyu za a kwashe masu kyau hamsin ɗin, ta riƙe 60.000 F tana murna, sauran 150 kuma su zauna mata, don babu mai ba da 1.200 F a kan wutsiya. Jari ya karye ke nan.

Kan dila shi ne zai ɗauko mafi yawan uwar kuɗi. Guda 50 a kan 2.500 F sun ba da 125.000 F. Guda 90 a kan 1.000 F sun ba da 90.000 F. Wutsiya 60 a kan 200 F, 12.000 F. An tashi da 227.000 F, ribar 67.000 F idan komai ya fita, kuma daga ciki za ki cire kuɗin intanet. Kada kunya ta sa ki karya kuɗin rigar da ta isa. Kai da tsakiya mai kyau kaɗai za su hau intanet. Wutsiya ki tara ta ki sallamar wa mai kai kaya kasuwannin ƙauye gaba ɗaya, kada ki ɓata shafinki da ita.

Wanki da guga

Warin dila kowa ya san shi, na matsi da daɗewa a rufe da maganin da ake fesa wa kaya. Turare ba ya kashe shi, haɗuwa suke yi su ba da wani wari dabam. Ki jiƙa kayan, farare dabam masu launi dabam, ki wanke, a ɗauraya ta ƙarshe ki zuba ɗan farin binegar. Tabon mai, sabulun wanke kwanoni yana fitar da shi idan kika shafa kika bari ya ɗan jima. Tabon tsatsa a kan farin auduga, lemun tsami da gishiri, sai a shanya a rana. Jabel ta farin auduga ce kawai, kuma in kin ga alamar kusurwa uku da aka soke a jikin etiket, ɗan ƙyallen bayanin da ke cikin riga, rigar ba ta son ta. Kada ki taɓa haɗa jabel da binegar a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce ga huhu.

Masu launi ki juya bayansu ki shanya a inuwa, ranar Yamai ba ta da sabo da baƙar riga. Wajen guga ki dubi ɗigon da ke cikin hoton dutsen guga a etiket: ɗaya zafi kaɗan ne, kamar digiri 110, biyu 150, uku 200. Da dutsen gawayi kike yi saboda ɗaukewar wuta? Ki shimfiɗa farin ƙyalle tsakani. Kina gamawa ki ninke ki sa a leda, musamman a hunturu, da ƙura take shiga ko ta ƙarƙashin ƙofa.

Awo

A nan zan daɗe, domin kusan duk rigimar da na taɓa yi da mai saye a kan girma ce.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A hoto bai san komai ba. Lambar da ke wuyan riga ma ba abin dogaro ba ce, saboda dila ɗaya tana haɗa kayan ƙasashe da yawa, kowace da nata ƙirgen. Rigar mace da Faransa ke kira 40, a Ingila 12 ce, a Amurka 8, a Jamus 38, a Italiya 44. Ga shi kuma an sha wanke ta kafin ta iso gare mu, wata ta tsuke wata ta saki. Idan kika rubuta "lamba 40" kawai, ba ki faɗa wa mai saye komai ba.

Ki sayi tef irin na tela. Ki shimfiɗa rigar a ƙasa ko a kan tebur, ki sa maɓallanta, ki lallashe ta ba tare da ja ba. Ki auna daga hammata zuwa hammata, sannan daga kafaɗa zuwa ƙasa, sannan tsawon hannu. Ga doguwar riga da siket ki ƙara ƙugu da faɗin mazaunai, don nan ne kayan Turawa suka fi ƙin jikinmu. Ga wando: ƙugu, cinya, da tsawo daga tsakiyar ƙafa zuwa ƙasa. Ki rubuta cewa awon a shimfiɗe ne, gefe ɗaya, kada ta ɗauka zagayen jiki ne. In ƙyallen mai miƙewa ne ki faɗa.

Tef fuska biyu gare shi, santimita da inci, kuma inci ɗaya santimita 2,54 ne. Telolin da suka koyi aiki wajen Najeriya da inci suke awo, ƴan makaranta kuwa santimita suka sani. Ki zaɓi santimita ki riƙa rubuta ta kullum. Lambar wandon jin irin W32 inci ce, wato zagayen ƙugu kusan santimita 81.

Kayan yara sun fi sauƙi in kin gane sirrinsu. Lambobi irin 68, 74, 86, 104 da ake gani a kayan Jamus da maƙwabtanta tsawon yaron ne da santimita. 104 na ɗan shekara huɗu ne a lissafinsu, amma yara ba su tashi ɗaya ba, don haka ki ce wa uwar ta tsayar da shi jikin bango ta auna. Takalmi kuwa ki auna cikinsa daga dunduniya zuwa yatsa.

Abin da na fi gaya wa masu saye shi ne: "Hajiya, ɗauko rigar da ta fi zama miki daidai, ki shimfiɗa ta, ki auna hammata zuwa hammata ki turo mini." Minti biyu ne, kuma ya fi a aika kabu-kabu sau biyu.

Hoto da rubutun da ke ƙarƙashinsa

Ki goge idon kamara tukuna. Ki ɗauki hoto da safe tsakanin bakwai da tara, a inuwa mai haske, jikin farin bango ko a kan farin zanen gado. Ban da filashi, ban da kayan ƙawata hoto da ke canza launi. Idan ruwan toka ya fito kamar shuɗi, ki sake ɗauka ko ki rubuta ainihin launin.

Kowace riga hoto huɗu: gaba, baya, etiket, da aibinta in tana da shi. Na huɗun nan shi ne mutane ke gudu. Ki sa yatsa kusa da tabon ki ɗauka, ki rubuta "akwai ɗan tabo a bakin hannun hagu, shi ya sa na rage kuɗin". Za ki rasa mai saye ɗaya a ranar. Amma wadda ta saya da saninta ba za ta dawo da faɗa ba, kuma duk wadda ta gani ta gane cewa in kika yi shiru a kan riga to lafiyarta lau. Ɗan bidiyo na daƙiƙa goma kina motsa ƙyallen a hannu yana nuna kauri da sheƙi fiye da hoto. Wajen turawa ta WhatsApp ki danna HD, don kada a matse hoton ya dushe.

Ki ba kowane kaya lamba, ki rubuta ta a leda da kuma a hoto. In ba haka ba za ki sha "waccan ja ɗin ta jiya" alhali ja biyar kika sa. Rubutun ya zama gajere: lamba, irin kaya, awo, halin da yake ciki, kuɗi.

Ki rubuta kuɗin a fili. Masu cewa a biyo su ta saƙo kafin su faɗi farashi suna korar mai kunya da mai sauri. Kuma ki rubuta da alƙalami tare da F, saboda a bakinmu da dala muke ƙirge. In kika ce "ɗari biyar" a saƙon murya, Bahaushiya za ta ji 2.500 F, wadda ta saba da lissafin Faransanci kuma ta ji 500 F. Ki faɗa da baki, ki bi shi da rubutu.

Inda za ki baje

Manhajojin sayar da bosho irin su Vinted da ƴan'uwanmu na Faransa ke ba da labari ba sa aiki a nan. Kasuwarmu WhatsApp ce da Facebook da TikTok. Ki sauke WhatsApp Business a kan lamba ta daban, ba wadda dangi ke kira ba. Yana da katalog da za ki jera kaya da kuɗinsu, da amsoshin da kike ajiyewa ki tura da dannawa ɗaya. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, don haka ki sa kaɗan-kaɗan, goma zuwa sha biyar, a lokacin da mata suka zauna, bayan azahar ko bayan isha'i. Wadda ta zuba hoto sittin a jere, tsallake ta ake yi. Ki sani kuma sitatus da saƙon bai-ɗaya sai wadda ta ajiye lambarki suke kai wa, shi ya sa duk sabuwar da ta yi magana nake roƙonta ta ajiye.

Facebook da TikTok su ke kawo baƙin ido, a gurup-gurup na saye da sayarwa na Yamai ko ta bidiyon kai tsaye ranar fasa dila. WhatsApp kuma nan ake ƙulla ciniki. Yamai gari ne mai harsuna, wata za ta ce "nawa ne", wata "marje no" da Zabarmanci, wata ta rubuto da Faransanci, da yawa kuma murya za su turo. Ki amsa wa kowa ta hanyar da ta zo. Da zarar an sayi abu ki cire shi ko ki rubuta an saya.

Tayi, kafin alƙalami da karɓar kuɗi

Za a taya, al'adarmu ce. Ki bar ɗan wuri a kan farashi, kaɗan, kuma ki san inda za ki ce albarka. Na fi son in yi gyara da in karya kuɗi: wadda ta ɗauki uku in ƙara mata safa ko hular jariri.

"Ajiye mini" ita ce kalmar da ta fi cin jarin mai bosho. Ki sa doka ɗaya ga kowa: ajiya ba kuɗi awa 24 ce, bayan haka sai da kafin alƙalami. Ki faɗa da fara'a tun farko, har ga ƙawa da ƴar ɗakinku. Bashi kuwa, mai jarin jika hamsin ba ta da ƙarfin ba da shi, ki ce kayan ba su kai ga haka ba tukuna.

Hanyoyin biya suna da yawa: kamfanonin aika kuɗi Nita da Amana da Al Izza, da manhajojin MyNita da AmanaTa, ga Airtel Money da sauran na kamfanonin waya. Ki riƙe biyu aƙalla, ki kuma faɗa tun farko wa zai biya kuɗin aikawa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo salula ma ana ƙirƙirarsa. Ki buɗe asusunki da kanki ki ga kuɗin ya ƙaru kafin kaya su bar gida. Wanda ya kira yana cewa ya tura miki kuɗi bisa kuskure ki mayar masa, ki duba asusu tukuna. Lambar sirrinki ba ta kowa ba ce. Haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa, duk wanda ya ce ki karanta masa su asusunki yake so ya ƙwace, ya bi masu sayenki yana karɓar kuɗi da sunanki. Ki shiga saituna yau ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Kai kaya

A cikin gari ki sami ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu da kika san gidansu. Ki yanka kuɗi da su unguwa-unguwa, don daga Talladje zuwa Gamkale ba ɗaya ba ne da zuwa Koira Kano ko haye gada zuwa Haro Banda. Ki haɗa saƙonnin gefe ɗaya a fita guda, ki sa ranakun kai kaya biyu ko uku a mako. Unguwanninmu da kwatance ake gane gida, don haka ki karɓi kwatance da murya, da alamar wuri ta WhatsApp, da lamba ta biyu. Idan sai an kai za a biya, kuɗin ɗan kabu-kabu a tura shi tun kafin ya tashi, ko an karɓi kayan ko an fasa. Baƙon da ba ki sani ba kada ki kwatanta masa gidanki, ku haɗu a bakin kanti ko gidan mai da rana.

Na nesa, Doso, Ƙonni, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Agadas, motocin safa irin su Rimbo da STM da Sonef suna ɗaukar saƙo. Nan sai an biya duka kafin ki je tasha. Tawa kimanin kilomita 550 ce, ba wurin da za a ce a dawo da riga a canza ba ne, don haka ki sake awo a gaban kamara kafin ki ɗaure. Leda biyu, salatif, suna da lamba da gari da babban rubutu. Ki ɗauki hoton ƙunshin da na rasit ki tura mata, sunan da ke kan saƙon kuma ya zama na katin shaidar wanda zai karɓa.

In an dawo da kaya, in kuma sun yi kwantai

Dokata ita ce: in laifin nawa ne, na yi kuskuren awo ko tabo ya tsere wa idona, ina karɓa in mayar da kuɗi, kuɗin hanya ma a kaina. In ita ce ta canza ra'ayi, ana iya musanya cikin kwana biyu muddin ba a sa ba, hanya a kanta. Ki rubuta taki dokar ki ajiye cikin amsoshin nan, kowace sabuwa ta gani kafin ta biya.

Rigar da ta yi mako uku ba a taya ba, ki sake mata hoto a wani wuri, sau da yawa hoton ne bai yi ba. Ta ƙara mako biyu, ki rage kuɗi ko ki haɗa ta uku a farashi ɗaya. Ta wuce wata biyu, ta bi wutsiya. Kuɗin da ke kwance a leda ba ya sarin kaya.

Ki bi yanayi da wata ɗaya a gaba. Rigunan sanyi da barguna da safar yara ki tanade su a Oktoba, kafin hunturu ya buɗe a Nuwamba kowa ya ruga kasuwa, kuma ki tabbata sun fita kafin ƙarshen Janairu. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, auduga marar nauyi kaɗai ake nema. Satumba ta jakunkuna ce da takalma da kayan komawa makaranta. Gab da ƙaramar salla da ta layya manya ɗinki suke yi, amma takalman yara da jakunkunan hannu da rigunan ƴan mata suna tafiya sosai. Makonni biyu bayan layya aljihu a bushe yake, kada ki fasa sabuwar dila a lokacin, ki yi amfani da su ki karyar da abin da ya rage, ki zauna da littafinki ki ga wane iri ne ya fi saurin fita kafin ki koma wurin mai fasawa.